Wa ke da alhakin yaron da bai kai shiga aji ɗaya ba?

A makon jiya na ga abubuwa biyu da suka hana ni sakat, kuma tsakaninsu bai wuce kwana uku ba.

Ranar Laraba na je wani ƙauye da ke kan hanyar Ningi domin gaishe da gwaggona, sai na ratsa ta firamaren garin don mu gaisa da wani abokin karatuna da ke koyarwa a can. A bakin tagar aji uku na tarar da wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba, tana tsaye da goyo tana jijjiga shi, idonta kuwa yana kan allo. Kusa da ƙafarta wani yaro ɗan kimanin shekara huɗu yana zaune a ƙasa yana wasa da murfin kwalba. Na ce mata, "'Yata, me ya fito da ke waje?" Ta ce, "Baba, kuka yake yi, shi ne Malam ya ce in fita har ya yi shiru." Mahaifiyarsu ta tafi cin kasuwar wani gari da ƙuli-ƙulinta, kuma babu wanda za a bar wa ƙannen sai ita.

Ranar Asabar kuma aka gayyace ni bikin yaye 'yan nazare a wata makarantar kuɗi a cikin garin Bauchi. An kafa rumfuna, an ɗinka wa yara riguna da huluna irin na jami'a, yarinya 'yar shekara biyar ta riƙe lasifika tana karanto haruffa da ƙidaya ba gargada. Na taya iyayen murna da zuciya ɗaya, amma hankalina yana wurin yaron nan mai murfin kwalba, domin shi da waɗannan yara kusan sa'o'in juna ne, kuma nan da shekaru jarrabawa ɗaya za a ajiye musu.

Ra'ayina shi ne, ratar da ke tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka a jihar nan tana soma buɗewa tun kafin aji ɗaya, kuma shugabanninmu sun bar wannan zango na rayuwar yaro ba tare da mai alhaki ba. Ina ganin wajibi ne kowace firamaren gwamnati ta samu rabin aji na gaskiya, wato ajin share fage kafin aji ɗaya, da malamarsa da abincinsa, kuma a fara daga ƙauyuka kafin birni.

Dokar tana nan, aikin ne babu

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya kula da ƙananan yara da iliminsu cikin ilimin tushe. A 2007 aka fitar da manufar ƙasa kan raya ƙananan yara, wadda ta haɗa lafiya da abinci da ilimi wuri guda. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce kowace firamaren gwamnati ta tanadi wannan aji, malami ɗaya ga yara 25, kuma a koyar da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin.

Duk wanda ya zaga makarantun ƙauye a Ganjuwa ko Zaki ko Alkaleri ya san nisan da ke tsakanin wannan rubutu da abin da ke ƙasa. A makarantun da na sani, rabin aji ya kasu kashi uku. Akwai inda babu shi sam. Akwai inda yake a takarda, amma yaran suna zaune a gindin bishiya ko a bayan 'yan aji ɗaya, ba mai ce musu uffan. Akwai kuma inda aka ba shi ɗaki, sai aka tura masa malamin da ya kusa ritaya, ko marar lafiya, ko wata 'yar sa-kai da ba a biyanta ko kwabo, saboda an ɗauka aikin bai wuce hana yara kuka ba.

Rabon kuɗi ma yana nuna matsayin da aka ba wannan aji. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa ilimin tushe, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine da kayan aiki sai ta ajiye kwatankwacinsa. A ka'idar rabon da aka daɗe ana bi, firamare na da kashi 60, ƙaramar sakandare kashi 35, ƙananan yara kuwa kashi 5 kacal. Haka shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 a kan naira 70 kowane kwano ya tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku. Ɗan rabin aji, wanda jikinsa ya fi na kowa buƙatar abincin, ba ya cikin lissafi.

"A gyara firamare tukuna"

Wannan ita ce hujjar farko da nake ji, kuma daga bakin malamai nake jin ta, don haka ba na raina ta. Suna cewa makarantar da rufinta ya yaye, wadda malami ɗaya ke riƙe da aji biyu, ina ta ga ƙarfin ƙara wani aji?

Sai dai ku tambayi malamar aji ɗaya abin da ya fi ba ta wahala. Za ta ce yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai da bai taɓa riƙe fensir ba, bai taɓa ganin littafi a buɗe ba, bai saba zama wuri ɗaya ya saurari labari har ƙarshe ba. Zangon farko yana ƙarewa wajen koya masa abin da ɗan makarantar kuɗi ya iya shekara biyu da suka wuce. Manhaja ba ta jira, sai a tura shi aji biyu bai iya haɗa baƙi ba, a tura shi aji huɗu bai iya karanta sunansa ba. Daga nan uba ya duba ya ga shekara huɗu ba abin nunawa, ya ce gara a koma gona ko kiwo. Muna kiran wannan ƙin boko, alhali sau da yawa uban lissafi ya yi, kuma lissafinsa bai kauce ba.

Hausawa na cewa tun ranar gini tun ranar zane. Rabin aji wani ɓangare ne na gyaran firamaren da ake magana, domin malamar aji ɗaya da ta karɓi yara masu shiri za ta ci ƙarfin aikinta da rabin wahalar da take sha yanzu.

Akwai kuma yarinyar da na gani a bakin taga. Duk lokacin da ake taro kan ilimin 'ya'ya mata a jihar nan, ana ambaton talla da auren wuri, amma ba kasafai ake ambaton raino ba. Yarinya nawa ce ke makara kullum, ko take fashin ranar kasuwa, saboda ita ce mai riƙon ƙannenta? Da ɗan shekara huɗun nan yana da ajin da zai shiga, da an sauke mata rabin nauyinta a rana ɗaya.

"Raino aikin uwa ne"

Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a raba yaro da uwarsa. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, likitoci kuma suna cewa a ba jariri nono zalla wata shida na farko. Tambayar ita ce, wace uwa muke nufi, kuma a wane hali take?

Mu daina magana kamar kowace uwa tana zaune a gida an kawo mata cefane. Ku shiga kasuwar Wunti ko Muda Lawal da safe ku ƙirga jarirai nawa ke kwance a kan buhu a gefen tire. Ku duba masu suyar ƙosai da awara a bakin titi, yaro na rarrafe taku biyu daga tafasasshen mai. Ku duba masu aikatau a gidajen masu hali, da masu sussuka da roron wake a gonakin mutane, da zawarawa da matan da mazajensu suka tafi ci-rani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa ba sa iya ɗora tukunya sai uwa ta fita nema.

Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Legas da Kaduna sun kai hutun ma'aikatansu mata wata shida. Wannan abu ne mai kyau, amma mai albashi kaɗai yake amfana, kuma masu albashi su ne 'yan tsiraru a cikin matanmu. Mai ƙosai ba ta da hutun haihuwa. Ana yin suna, wata uwar ko arba'in ba ta cikawa take komawa bakin kasko. Manufar da ta tsaya a kan ma'aikatan gwamnati ta ƙara wa mai ɗan abin hannu ne, ta tsallake wadda ta fi buƙata.

Taimaka wa uwa kuwa ba lallai sai an ɗauke mata yaro ba. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, masu bincike sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci. Ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajen wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake bin sawun yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Ba a gina ko ɗaki ɗaya ba, mutum aka tura ya zauna da uwa a tsakar gidanta.

Wannan bincike ya shafe mu kai tsaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Gabas kuwa abin ya kai kusan rabi. Tsumburewa ba ta tsaya ga tsawon jiki ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Jihar da ke noma gero da dawa da wake da gyaɗa da waken suya ba ta da uzurin barin ɗan rabin aji ya zauna da yunwa har azahar, alhali kofin kunun gyaɗa da ƙosai biyu za su iya canza yininsa.

"Ai muna da makarantar allo"

Muna da ita, kuma ni ma a can na fara. Ita ce ma babbar hujjata cewa tura ƙaramin yaro wurin malami ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin zuwan Turawa ɗan shekara huɗu yake bin yayyensa zuwa zaure, yana biya Fatiha kafin ya iya ɗaura wando. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu. Har yau a unguwanni irin su Jahun da Bakaro akwai malamai mata da ke tara yaran maƙwabta a tsakar gida.

Don haka ban ga dalilin da zai sa a yi gasa da waɗannan wurare ba. Shugaba mai hangen nesa zai fara ne daga inda yaran suke taruwa. A ba malamar tsakar gida horo na 'yan makonni, a ba ta tabarma da littattafan hoto na Hausa da sabulu da ruwa mai tsabta, a sa ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta leƙo sau ɗaya a wata ta auna yara ta duba katin rigakafi, a kuma ba ta ɗan alawus da ba ya yankewa. A rugagen Fulani a yi haka da Fulatanci, a Bogoro da Tafawa Balewa da Dass a yi da harshen da yaran ke ji a gida, ta hannun masallaci ko coci ko ƙungiyar mata, duk wanda jama'ar wurin suka amince da shi.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a riƙa ambaton makarantar allo don a wanke hannu. Da yawa daga cikin masu cewa allo ya wadatar, nasu 'ya'yan suna zuwa nazare da safe, Islamiyya da yamma. Abin da suka ga ya dace da nasu, shi ya dace da na mai ƙuli-ƙuli.

Ba kuma ina cewa a kwafo abin da makarantun kuɗi ke yi ba ne. Da yawansu suna ɗora wa ɗan shekara uku aikin gida da jarrabawa, suna hana shi magana da harshen uwarsa, suna sa shi haddar Turancin da bai san ma'anarsa ba, saboda abin da ke burge mai biyan kuɗi ke nan. Yaro a wannan shekaru da wasa yake koyo, da waƙa da tatsuniya da ƙirga tsakuwa da tambaya. Gwamnati tana da damar yin abin da ya fi nasu inganci da kuɗin da bai kai nasu ba.

Batun kuɗi da batun mai alhaki

Za a ce babu kuɗi. Ban musanta cewa aljihun jiha yana da iyaka ba, amma kasafi zaɓi ne. Gana ta sanya shekara biyu na share fage cikin ilimin kyauta na dole tun wajen 2008. Indiya ta fara cibiyoyin kula da yara na ƙauye tun 1975, lokacin da talaucinta ya fi na yanzu nesa ba kusa ba, inda mace ɗaya 'yar garin ke haɗa ciyarwa da awon yara da karatun share fage. Mu ma muna da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da ta Kangere, ga ta tarayya a Gombe maƙwabciyarmu, kuma ga 'yan mata masu takardar shaidar malanta ta NCE zaune a gida ba aiki. Abin da ya fi tsada a rabin aji shi ne albashin malama, kuma shi ne abin da ba a son ɗauka, domin gini ana ƙaddamar da shi a ɗauki hoto, albashi kuwa wata-wata ne har abada.

A nan matsalar shugabanci ta fito fili. Ɗan shekara huɗu ba ya zaɓe, ba ya zanga-zanga, ba shi da ƙungiya. Amfanin abin da aka kashe masa ba zai bayyana ba sai bayan shekara 15 ko 20, lokacin da wanda ya sa hannu ya daɗe da barin kujera. Shugaban da zai yi wannan aiki dole ya yarda ya shuka abin da wani zai girba.

Sannan an yayyaga yaron tsakanin ofisoshi. Rigakafinsa da awonsa na hukumar lafiya a matakin farko ne, rajistar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya ce, kare shi daga cin zarafi na ma'aikatar mata ne, ajinsa na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne. Kowa yana da guntunsa, amma babu mutum ɗaya da majalisa za ta kira ta ce ya faɗi yara nawa 'yan shekara biyar ke cikin aji a Warji ko Dambam, kuma me ya sa. Ina ganin ya kamata gwamna ya ɗora wannan nauyi a kan babban jami'i guda mai iko a kan duk waɗannan ɓangarori, da layin kasafi mai sunansa, da rahoton da zai karanta a bainar jama'a kowace shekara.

Ya kamata mu kuma duba su wane ne ke zama a teburin shawara. Majalisar dokokin jihar Bauchi tana da kujeru 31, kuma zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya ba. Ban ce namiji ba zai iya tausayin yaro ba, ni ma uba ne. Amma wanda bai taɓa tsayawa yana tunanin inda zai ajiye jariri kafin ya fita nema ba, da wuya wannan ya zo masa a rai ranar da ake rabon kasafi. Wataƙila shi ya sa dokar kare haƙƙin yara da tarayya ta yi a 2003 ta ɗauki kusan shekara 20 kafin jiharmu ta yi tata. Ko a matakin kwamitin kula da makaranta na unguwa, a ba iyaye mata kujeru na gaske, a kuma sa taron a lokacin da za su iya halarta.

Sarakunanmu ma suna da rawar takawa, kuma sun taɓa nuna za su iya. Lokacin da rigakafin shan inna ya ci tura a Arewa, shigowar sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni ce ta buɗe ƙofofin gidaje, har aka tabbatar da kawar da cutar daga Najeriya a 2020. Mai unguwar da ya san gidan da aka yi haihuwa jiya ya san gidan da ke da ɗan shekara biyar da ba ya zuwa ko'ina.

Daga ina za a fara?

Idan aka ce za a yi, na san inda za a so farawa: makarantun gwaji biyu ko uku a cikin Bauchi da Azare, masu fenti da lilo, inda baƙi za su zo su gani. Waɗannan 'ya'yan ma'aikata za su cika su, waɗanda dama suna da zaɓi. Adalci a nan shi ne a fara da wanda ba shi da kowa: ƙauyen da babu makarantar kuɗi ko ɗaya, rugar da ke nesa da titi, yaron da ke da nakasa wanda ake ɓoyewa a ɗaki, unguwar da 'yan gudun hijira suka zauna. Malamar da ta yarda ta zauna a irin waɗannan wurare a ƙara mata alawus a kan ta birni, kuma a fi ɗaukar 'yar garin, domin ita ce ba za ta nemi canjin wurin aiki bayan wata uku ba.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, ciyamomi da kansiloli ma ba su da mafaka. Kafin a gabatar da kasafin baɗi, ina roƙon SUBEB ta wallafa jerin firamaren kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 20, a nuna wadda ke da rabin aji, da yawan yaransa, da ko yana da malama tasa ta kansa. Da wannan jeri a hannu, kowane ɗan majalisa zai san abin da mazaɓarsa ta rasa, mu ma za mu san abin da za mu tambaye shi idan ya zo neman ƙuri'a.

Abokina malamin ƙauyen nan ya gaya mini akwai ɗaki ɗaya a makarantarsu da aka tara karyayyun bencina a ciki, kuma mutanen gari sun ce za su gyara rufinsa da kansu idan za a turo malama. Sun rubuta takarda tun bara suna jiran amsa. Yaron nan mai murfin kwalba zai cika shekara biyar baɗi.